Riƙon Gabas a Cikin Hazo

A ƙarshen watan Janairu akwai safiyar da mutum zai fito ƙofar gida a Birchi ya tarar kamar an naɗe duniya an ajiye. Duwatsun nan da ke warwatse tsakanin ƙasar Kurfi da ta Dutsin-Ma, waɗanda tun kana goye kake ganinsu, babu ko ɗaya. Kukar bakin gona babu. Rana ta fito, amma sai ka ce farin faifai aka rataye a sama, kana kallonta ido da ido ba ta kashe maka gani, in abin ya yi tsanani ma ba ka ganinta sam. Ƙurar nan daga nesa take, mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Cadi iskar hunturu ke kwaso ta, kuma ranar da ta yi kauri har jiragen sama kan fasa sauka a Kano.

Mai tafiya a kan kwalta ba shi da asara, iyaka direba ya kunna fitila ya rage gudu. Wanda ke cikin daji shi ke da magana. A irin wannan rana ake gane wanda ya san hanya da wanda ƙafarsa ce kawai ta saba da turba.

Hausa ta raba ɓatan hanya da makuwa, kuma ta yi gaskiya. Wanda ya ɓata hanya ya san ya ɓata. Zai tsaya, ya waiga, in ya ga mutum ya tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Mai makuwa shi gabas ce ta juye masa a ka. Zuciyarsa a kwance, ƙafarsa na sauri, zai iya ba alƙibla baya ya ta da salla bai ji komai ba, in ka gyara masa ma ya yi musu da kai.

Ina ɗan shekara 13 ta kama ni. An fita farautar rani yamma da gari, a wancan zamanin da dajin da ke tsakaninmu da ƙasar Safana bai zama abin tsoro ba. Kare ya ta da zomo, na bi su da ɗan kulkina, kawuna ya biyo bayana don kada in yi nisa ni kaɗai. Zomo ya sha, kare ya dawo yana haki, da muka tsaya sai na ji tsit. Babu gangi, babu ihun mutane, ko'ina fari fat. Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗana, ina gida?" Na miƙa hannu ba ko shakka. Ya ce, "Can yamma, dajin Rugu, ka nufa."

Bai ja hannuna mun wuce ba. Ya sa na rufe ido. "Ina iska ke bugun ka?" Na ce a ƙeya. Ya ce in juya a hankali har ta bugi goshina. "Tun da aka fara sanyi daga ina take zuwa?" Na ce daga gabas. Ya ce, "Gabas, ta ɗan jingina arewa, kusa da inda kake dubi in za ka yi salla. Ba ta sake wuri ba don kai ka bi zomo." Daga nan ya shiga nuna mani shaidu. Ciyawar da ta tsira daga ƙuna duk ta kwanta gefe guda. Tokar ƙunar ta taru a bayan kowane kututture, a ɓangaren da iska ba ta bugu. Da muka sauka wani busasshen rafi ya nuna mani tarkacen da ruwan damina ya liƙa a jikin saiwoyi, ya ce in faɗa masa daga ina ruwan ya zo, ina ya tafi. Duk abin da hazo ya ɓoye na nesa ne. Na kusa yana nan, sai dai mai ido.

Abin da ya fi zauna mani a rai shi ne wanda ya biyo baya. Gida yana gabas sak, amma bai nufi gabas sak ba. Ya sa hancinsa cikin iska, wato ya kauce arewa da gangan. Na ce, "Kawu, ai za mu wuce gari." Ya ce, "Na sani. In na nufi gari kai tsaye, na fito titi ban gan shi ba, dama zan bi ko hagu? In kuwa na kauce arewa da sanina, duk inda na fito titi na san gida na damana." Haka aka yi. Muka faɗo hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma, muka juya kudu, kuma tun kafin mu ga danga ko ɗaya kunnenmu ya kama sautin turmi. Ranar na san cewa karin maganar nan ta wanda bai san gari ba ya saurari daka darasin tafiya ce tun asali.

Mutanen gari kan danganta irin wannan da asiri, musamman ga mafarauta, masu layu da guraye. Kuma ƙasar nan tasu ce tun fil'azal; garin Dutsin-Ma ma, a yadda ake ba da tarihinsa, sunan wani maharbi ne, Ma, wanda ya zauna a kan dutsen. Ni dai abin da na gani da idona lura ne wanda ba ya yankewa. Kawu bai tsaya ya nemo inda muke ba, domin tun da muka bar mutane bai sake shi ba. Ina kallon zomo, shi yana ƙirga kwarin da muka tsallake, yana jin iska tana tashi daga kuncinsa na dama ta koma ƙeyarsa, yana ajiye gawon nan mai ganye shar a tsakiyar itatuwan da suka kaɗe. Wannan riƙon shi ne sana'ar gaba ɗayanta.

Akwai dalilin da ya sa ba a iya yi sai da shi. A 2009 wani mai bincike, Jan Souman, da abokan aikinsa na cibiyar Max Planck da ke Tubingen a Jamus, sun fitar da sakamakon wani gwaji. Sun saki mutane a wani babban daji na Jamus, wasu kuma a saharar Tunisiya, aka ce kowa ya miƙe sak, ana bin sawunsu da na'ura. Waɗanda suka yi tafiya rana na waje sun miƙe ba laifi. Waɗanda gajimare ya rufe wa rana sai suka riƙa kewaye, suna taka sawun kansu ba su sani ba. Da aka ɗaure wa wasu ido a fili, akwai da'irar da faɗinta bai wuce mita 20 ba. Kuma ba don ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ba ne, kamar yadda aka saba faɗa, domin mutum guda kan karkata dama yanzu, anjima hagu. Ƙananan kurakurai ne ke taruwa, jiki kuwa ba shi da abin gyara su in ba a ba shi wata madogara daga waje ba.

Babban malamin wannan fanni a duniyar da Bahaushe ya sani shi ne madugun ayarin gishiri. Kowace shekara bayan damina, wajen Oktoba, Abzinawan Kel Ewey kan tashi daga duwatsun Abzin su ratsa hamadar Tenere zuwa Faci da Bilma, su kai gero su ɗauko dabino da gishiri: kantu na dabbobi, da beza na miya. Gishirin nan da tsofaffinmu ke kira balma sunan garin ne a bakinsu. Tsakanin Agadas da Bilma kusan kilomita 600 ne, kuma a wasu shekarun farkon ƙarni na 20 raƙuman ayari guda kan haura dubu 10. Su Abzinawan, da harshensu da komai, da kalmarmu suke kiran shugaban tafiyar: madugu.

Da zarar an bar duwatsun Abzin, alamun da ke ƙasa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Akwai dutsen Adrar Madet. Akwai rijiya, a da kuma akwai wata bishiyar ƙaya guda tilo, wadda saboda kaɗaicinta har a manyan taswirorin sahara ake sa ta. Mota ta buge ta a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ban da waɗannan sai rairayi. Ba ciyawa, don haka raƙuma ke ɗauke da harawarsu, ana ajiye wani kaso a hanya saboda dawowa. Ba a yada zango da rana. Tun hantsi ake tafiya har dare ya raba, a kan tafiya ake dama furar gero da cuku da dabino, a kan tafiya ake dafa shayi a miƙa wa na kan raƙumi, domin ruwan salka shi ke ƙirga kwanaki.

Yanzu a yi lissafi. Kaucewar digiri 1 tak tana jefa matafiyi mita 17 gefe a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 150 ta haura kilomita biyu da rabi. In digiri 5 ce, kilomita 13. Faci kuwa ɗan tsibirin dabino ne a gindin wani tsauni. In an wuce shi cikin ƙura ba a gan shi ba, ruwan da ya rage ba lalle ya kai kowa ko'ina ba. Ran mutane da dukiyar dangi duk suna rataye a wuyan mutum guda da ke gaba yana jan akala.

Da me yake riƙe layin? Da safe rana na fuskarsa, inuwa na bayansa. Tsakar rana, a wannan lokaci na shekara, inuwa kan faɗa arewa, wato hagunsa. Da la'asar ta dawo gabansa tana tsawo. Inuwa agogo ce mai tafiya, don haka bin ta kai tsaye ɓata ne. Sai wanda ya san nawa take gusawa kowace sa'a, yana ragewa yana ƙarawa a ransa. Yana da tuddan rairayi, waɗanda iskar arewa maso gabas ta jera su dogaye a layi ɗaya, ya san kusurwar da zai riƙa yankarsu. Yana da ƙananan tsagogin da iska ke zanawa a kan yashi, masu gicciye da inda take fitowa, waɗanda ko da dare tafin ƙafa na jin su. In rana ta faɗi Kaza da 'Ya'yanta ta fito, bayanta sai tarin taurarin da Abzinawa ke kira Amanar, ma'anarsa jagora, wanda taurari ukun tsakiyarsa ke ɓullowa daidai gabas. Amma tauraro ma ba ya tsayawa. Da ya ɗaga sama ya daina nuna hanya, sai a sake shi a kama wani da ke fitowa. Guda ɗaya ne ba ya gusawa, tauraron arewa, wanda madugu ke ajiyewa a kafaɗar hagu. A Bilma yana sama da ƙasa da kusan digiri 19. Mu a nan bai kai 13 ba, ɗan sama da dunƙulen hannu in ka miƙe shi, shi ya sa hazo ke fara cinye shi kafin sauran, shi ya sa kuma mafarautanmu suka fi dogara da iska.

Bilma ta fi Faci sauƙin samu, kuma dalilin shi ne dalilin kawu. Tana gindin gangaren Kawar, dogon bangon dutse da ya miƙe daga arewa zuwa kudu kusan kilomita 150. Mai zuwa daga yamma ba zai wuce shi bai sani ba, kamar yadda mu ba za mu tsallake kwalta ba mu sani ba.

Ba a zama madugu da karatu na wata uku. Yaro ɗan shekara 10 ko 12 ake fara ɗauka, yana jan raƙumi, yana tsintar kashinsu na hura wuta, yana kallo. Sai ya yi tafiyar sau da yawa har ƙasar ta zauna masa a ka kafin wani ya yarda ya bi bayansa. In sun koma Abzin sun huta sai su gangaro kudu, Damargu, Tasawa, Maraɗi, Katsina, Kano, su ci hunturu a gonakinmu raƙuma na kiwon kara, su sayar da gishiri su sayi gero. Da irin wannan ayari Baturen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya gangaro daga Abzin, ya iso Katsina a Janairun 1851, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, a irin wannan lokaci na hazo.

Fataken goro masu zuwa Gwanja su kuma sun raba aikin: madugu uban tafiya, jagaba a gaba yana duba hanya da mashigin ruwa da wurin kwana, ubandawaki yana ji da kuɗin fito. Ba ƙaramin kaso na taswirorin farko da Turawa suka zana na ƙasashen nan daga kan irin waɗannan mutane aka kwashe shi ba, zango bayan zango. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton taswira a Sakkwato a 1824. Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki shi ya yi wa Bajamushen nan Flegel jagora zuwa Adamawa, har aka tafi da shi Balin a 1884.

To, akwai mutanen da suka ɗauki wannan sana'a suka mai da ita tsere, kuma tun ranar da na fahimci yadda suke yi nake ganin girmansu. A ƙasashen Suwidin da Nowe abin ya fara, a matsayin horon soja, a ƙarshen ƙarni na 19. An yi gasar farar hula ta farko kusa da Oslo a 1897. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wani hafsa ɗan Suwidin, Ernst Killander, ya yaɗa shi cikin matasa. A farkon shekarun 1930 aka ƙera kamfas ɗin Silva mai farantin da ake ɗorawa a kan taswira. Aka kafa ƙungiyar duniya ta wasan a 1961, aka yi gasar duniya ta farko a Finlan a 1966. Suna kiransa orientering, kuma saiwar kalmar a Latin tana nufin mafitar rana. Wato ko a can, sanin hanya riƙon gabas ne.

Ga yadda yake. Ana sakin 'yan tsere ɗaya bayan ɗaya, da tazarar 'yan mintoci, don kada wani ya bi wani. Sai a bakin tashi ake miƙa maka taswira. A kanta akwai alama mai kusurwa uku, nan kake. Akwai da'irori masu lamba, su ne zangunan da za ka taɓa bi da bi. Akwai da'ira biyu cikin juna, nan ne ƙarshe. A kowane zango an rataye 'yar tuta fara da ruwan goro, faɗinta santimita 30, da na'urar da ke shaida ka zo. Tsakanin zango da zango ba wanda ya shata maka hanya. Ko ka hau tudu kai tsaye, ko ka kewaye ta turba mai nisa amma mai sauƙin gudu, kai ka sani, kuma kana gudu za ka yanke shawarar. Kamfas kawai aka yarda ka riƙe. Na'urar da ke nuna wa mutum inda yake haramun ce. Gajeren tsere kan ci minti 12 zuwa 15, matsakaici minti 30 zuwa 35, dogo kuwa kusan sa'a ɗaya da rabi ga gwanaye.

Taswirar kanta abin kallo ce. Santimita 1 a takarda mita 100 ce ko 150 a ƙasa, kuma duk dutsen da ya kai ƙugun mutum yana ciki. Fari shi ne dajin da ake iya gudu a cikinsa, kore sarƙaƙiya, rawaya fili, shuɗi ruwa da fadama, baƙi duwatsu da turba. Sai layuka masu ruwan ƙasa da ke nuna tudu da kwari, kowane layi hawan mita 5. Gwani in ya dubi waɗannan layukan ƙasar ce ke tashi tsaye a idonsa. Yana riƙe takardar a naɗe, babban yatsansa a kan daidai inda yake, yana jan yatsan yana gudu, yana juya takardar duk lokacin da ya juya don arewarta ta zauna a arewar duniya. Dabarunsu duk kawu ya san su ba da sunansu ba: bin rafi ko gefen tudu kamar makaho da bango, zaɓen wani babban abu kusa da zango a fara kama shi, sannan a rage gudu a shiga a hankali, sanin abin da zai tare ka in ka wuce, kaucewa da gangan. Ɗan Faransa Thierry Gueorgiou, mai zinare 14 a gasar duniya, ya yi suna wajen zubar da duk abin da bai zama dole ba a taswira, ya riƙe alama biyu ko uku manya ya zuba gudu. Simone Niggli ta Suwizalan ta tara zinare 23. A wannan wasa mai gudun barewa kan sha kashi a hannun wanda bai kai shi sauri ba, domin minti ɗaya na makuwa ya cinye abin da ƙafa ta tara a kilomita biyar. Sauri ya haifi nawa.

Ƙarshen hunturunsu, Fabrairu zuwa Maris, shi ne lokacin da ya fi gwada mutum. A can arewa dusar ƙanƙara na nan jibge, sai a yi tseren a kan katakan sulu, taswira a maƙale a ƙirji, ana zaɓen hanya cikin turbobin da suka sarƙe kamar saƙar gizo. Tove Alexandersson ta Suwidin ta ci duniya a wannan, ta kuma ci a na ƙafa. Inda dusar ta fara narkewa kuwa, ƙasa kan yi wa taswira gardama. Turba ta ɓace a ƙarƙashin fari, ƙananan ramuka sun cike, ruwan narkewa ya buɗe ƙoramun da ba a zana ba. Fadama ta daskare a sama kawai, ka taka ka burma har gwiwa cikin ruwan da ke ɗauke numfashi. Yatsu sun ƙage, ruwan cikin kamfas kan yi kumfa saboda sanyi. Mafi haɗari shi ne sawun waɗanda suka riga ka: ga shi a fili yana kiran ka, kuma ba ka san ko mai shi makuwa yake yi ba. A gefe guda ganye ya kaɗe, ciyayi sun kwanta, siffar ƙasa ta fito tsirara, mai karanta tudu da kwari ya samu ranarsa.

Saboda haka suke ɗaukar watannin nan a matsayin makaranta. Suna dogon gudu a cikin daji, ba a titi ba, da takalma masu ƙusoshin ƙarfe, don ƙafa ta koyi taka saiwa da dutse ido na kan takarda. Rana gajera ce, sai su fita da dare da fitilar goshi, inda ba ka ganin abin da ya wuce hasken fitilarka. Wannan shi ne hazonsu. Mai horarwa kan goge turbobi duka daga taswira ya bar layukan tudu kawai, ko ya rufe komai ya bar siririn zirin da za a bi, ko ya sa ka dubi takarda ka ajiye ta ka je zangon da ka. Kowa ya san taku nawa ke kai shi mita 100 a fili, nawa a hawa. In an dawo a zauna a zana inda kowa ya bi, a nemo daidai wurin da yatsa ya rabu da ƙafa. Masu hali kuma kan gangara Fotugal da Sifen a Fabrairu su yi gasa a ƙasar da ba dusa.

Duk lokacin da na karanta wannan sai in ga ƙasarmu a ƙarshen hunturu. An kwashe kara, an ƙone ciyawa, rafuka sun ƙafe, kwazazzabai da fako da jigawa duk sun bayyana, ga duwatsu, ga burtali, ga kufai da kukokinsa. Sanyin safe na ba da damar gudu kafin rana ta yi zafi. Wahalarta ma tata ce: kaushi da faso, ƙarangiya, ƙura a ƙirji, da ƙishirwar da ba ka jin ta sai ta gama da kai. Kuma yaranmu sun riga sun sami rabin horon tun a tsakar gida. Mu da gabas da yamma muke magana: matsa kudu kaɗan, ɗauko buta nan arewa da rumbu. Sau biyar a rana kowa na neman alƙibla, wadda daga nan take kusan digiri 70 daga arewa. Sojoji da ɗaliban cibiyar horon shugabanci kan je tsaunukan Shere na Jos su koyi taswira da kamfas, amma ɗan makiyayin da ke kai shanu mashaya cikin hazo ya dawo da su cif ya riga su nisa a karatun ƙasa, takardar ce kawai bai taɓa riƙewa ba.

Abin da ke ci mani rai shi ne makarantar da ni na shiga an rufe ta. Shekarun nan na 'yan bindiga sun raba mutane da dajin yamma, babu uban da zai bar ɗansa ya bi zomo har ya daina jin gangi. Sanin dajin bai mutu ba, amma kaso mai yawa nasa yana hannun waɗanda ke cutar da mu da shi, kuma wanda Allah ya kuɓutar daga hannunsu cikin dare, da iska da tauraro da kiran sallar asuba yake lalubo gida. Ilimin da ke ceton rai irin wannan bai kamata a bar shi ya tsufa tare da masu shi ba.

Ba sai an shiga daji ba. Gonakin da ke kewaye da gari, inda ana jin daka, sun isa. Ɗaliban labarin ƙasa na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, za su iya zana taswirar kilomita biyu ko uku, su sa kowace kuka da suri da rijiya, su zauna da tsofaffin mafarauta su karɓi sunayen wuraren. Tuta goma ta yadi fari da ruwan goro, malamin makaranta da agogo, a saki yara biyu-biyu. Zagayen farko da taswira, na biyu a karɓe ta.

Sai dai a yi shi kafin hunturu ya fita. Kawu ya ja mani kunne a kan wannan tun a wancan rani: da bazara ta kawo kai iska kan rasa alƙibla, ta buso daga nan da safe, da rana ta tsaya cik, guguwa ta yi ta yawo a fako, har zuwa ranar da za ta juyo gaba ɗaya daga kudu maso yamma da ƙanshin ruwa. A tsakanin nan ba a ba ta amana. Sai a koma ga inuwa, ita ma da lura, domin wajen ƙarshen Afrilu rana kan tsaya a tsakar ka, daga nan inuwar azahar ta bar arewa ta koma kudu har cikin Agusta.